Maganin Ciki, Ruwan Kai

Ni dai tun ina yaro ba na shiri da kare. Gidanmu kuwa, a wani ƙauye da ke gefen Dandamisa, gidan karnuka ne tun zamanin mahaifinmu, wanda ya yi farauta har gwiwoyinsa suka ƙi. Mu biyu ne maza a wurinsa. Yayana ya gaji fadamar rake da karnukan, ni kuma aka sa ni makaranta, na ƙare da koyarwa a firamare cikin Makarfi har na yi ritaya. Ina son farin kaya da guga, saboda haka duk ranar da na je gaishe da Yaya sai in tattare bakin rigata tun daga zaure. Shi kuma ya yi ta dariya yana cewa a ba Malam hanya, kada a shafa masa ƙauyanci. Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana.

Karnukan duk jinin karya ɗaya ne, wata ja mai farin wuya da mahaifinmu ya samo wajen Paki kafin a haife mu. Yaya ya haddace jerin sunayensu, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika. In ya tashi daga aiki ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida, sai ka ji yana jero su a hankali, kowace da abin da ta yi: wadda ta fito da gafiya daga rami, wadda ta kwana uku a daji ta dawo da yankakken kunne. Ban taɓa tsayawa na saurara ba. Sau ɗaya, da daɗewa, ya roƙe ni in rubuta masa su, na ce takardata ba ta sunan kare ba ce. Bai sake tambaya ba. Yana kuma da wata ƙa'ida da ya ɗauko wurin mahaifinmu: ba ya sa wa kwikwiyo suna sai ranar da ya bi shi da ƙafarsa daga ƙofar gida har bakin fadama. Kafin wannan rana, kwikwiyo ne kawai.

Daga baya daji ya koma gonaki, farauta ta mutu, karnukan suka yi ta raguwa har saura tsohuwar karya guda. A daminar da nake ba da labari ta haifi uku, biyu suka mutu tun ba su buɗe ido ba, ita ma uwar ba ta jima ba ta bi su. Aka bar Yaya da kwikwiya ɗaya, mace, ita ce ƙarshen jerin.

Ranar da na fara ganinta sai da na ja da baya. Kanta ya fi ƙarfin jikinta, ya yi zagaye kamar ƙaramin tulu, maɗigarta kuma ba ta rufe ba. Idanunta kullum suna ƙasa suna gefe, sai ka ce akwai abin da take kallo wanda mu ba mu gani. Ba ta iya tafiya miƙe. Takan ɗauki hagu ta kewaya turmi, ta sake kewayawa, ta dawo inda ta taso, sannan ta je ta jingina goshinta da bangon rumbu ta tsaya shiru har inuwa ta juya. Maƙwabta suka ce iska ce, a kai ta bayan gari a huta. Matar Yaya kuwa ta ce a dai nisanta ta da kwanuka. Shi kuwa Yaya sai ya ɗauke ta ya kara kunnensa a kanta, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido ya ce mini akwai ruwa a ciki, yana jin motsinsa. Na yi tsaki na ce wannan kuma sai shi.

Ranar kasuwar Makarfi na ji tsayuwar babur a ƙofar gidana. Yaya ne, da kwali ɗaure a baya. Ya ji labarin wata ɗalibata da na koyar a aji huɗu ta zama likitar dabbobi a Zariya, kuma tana zuwa gaishe da iyayenta ranar kasuwa. So yake in raka shi. Na ji kunyar ratsa gari da kare a kwali, ni da rabin garin ke ce wa Malam, amma ba a ce wa Yaya a'a a ƙofar gida.

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, ta tambayi gida da damina da jikin Yaya, wanda take kira Baba, sannan ta sa safar hannu. Ta taɓa maɗigar, ta haska ido, ta ajiye kwikwiyar a ƙasa tana kallon yadda take kewayawa. Sai ta ce Baba ya yi gaskiya, ruwa ne. Yaya ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na dubi bango. Ta yi mana bayani cewa kowane kai yana da wani ruwa garai-garai, namu da na dabba, ƙwaƙwalwa da lakar baya a cikinsa suke zaune. Kullum yana tsattsafowa, kullum yana tsiyayewa. Yaya ya ce kamar rijiyar fadama ke nan. Ta ce haka ne, sai dai ita wannan magudanarta ta tsuke, ruwan yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa take kewaye wuri ɗaya. Ainihin gyaran aiki ne da ake yi a sa siririn bututu, kuma ba abu ne da za mu samu a kusa ba. Amma akwai wani magani da wasu likitocin ke gwadawa.

Ta rubuta a takarda ta miƙo mini. Ina karantawa na kwashe da dariya, domin na san sunan. Kafson olsa ne, mai launi biyu, wanda Yaya ya daɗe yana haɗiya kowace safiya kafin koko, tun da likita ya ce masa yana da gyambon ciki.

"Likita," na ce, "ciwon a kai yake, kin rubuta na ciki."

Ta yi murmushi irin na ɗalibin da ya kama malaminsa. Ta ce aikin maganin shi ne ya rage wa ciki yawan ruwan tsamin da yake fitarwa. Wasu likitocin dabbobi suna ganin yana rage wa kan kare saurin tatso nasa ruwan ma, wasu kuma sun gwada sun ce ba su ga wani bambanci ba. Ta ce ba ta yi mana alkawari ba, gwaji ne da addu'a. Ta ɗora kwikwiyar a sikeli, ta ɓare kafso ɗaya a kan farar takarda, ƙananan ƙwayoyi suka zubo kamar gero, ta ware 'yan kaɗan ta nuna wa Yaya, ta ce kada ya wuce haka, kada kuma ya murƙushe su. A hanyar komawa na ga Yaya ya zurfafa cikin tunani. Na ɗauka tunanin kwikwiyar yake yi.

Daga wannan mako sai na ga ƙafata tana yawan kai ni ƙauye. Ina ce wa iyalina sabuwar masara nake zuwa ɗauka. Nakan isa rana ba ta gama fitowa ba, tururi yana tashi daga fadama, ganyen rake yana ɗigar da raɓa. In tarar da Yaya a kan buhu, ya ɓare kafso a faifai, yana tsintar ƙwayoyin da jiƙaƙƙen tsinke yana cusawa cikin lomar ɗumamen tuwo. Hannun nan da ya saba da adda yakan yi aikin a hankali, ba ya ko numfashi mai ƙarfi. In ta haɗiye sai ya ɗauko wani zare ya zagaya kanta da shi, ya duba ƙullin da ya yi jiya. Daga nan ya miƙe yana tafiya da baya-baya yana mata fito. Ta biyo shi taku huɗu, biyar, sai hagu ta ja ta.

Amma kewayen nata ya fara faɗi. Da farko turmi kaɗai take zagayawa, sai ta koma haɗa turmi da rumbu, daga baya har tana taɓo bakin zaure kafin ta juyo. Ko maganin ne, ko girma ne, ban sani ba. Na tambayi likitar a waya ta ce ita ma ba za ta rantse ba. Yaya kuwa bai tambayi kowa ba, ya dai ci gaba da fitonsa.

Wata rana da hantsi barci ya sace ni a gindin mangwaro. Na yi mafarkin fadamarmu gaba ɗaya tana cikin kan kwikwiyar nan, da rake da rijiya da 'yar hanyar da ke tsakanin kunyoyi, ruwa ya rufe komai amma ana gani tar. Mahaifinmu yana tafe a ƙarƙashin ruwan da gorarsa a kafaɗa, rigarsa ba ta jiƙe ba, karnuka suna biye da shi a jere, kowace tana bin wutsiyar uwarta. Ina so in kira shi, amma na san in na buɗe baki ruwan zai motsa su ɓace. Da na farka na tarar da ita a gefe tana kallon ƙasa, na ji wani tausayi da ban shirya masa ba.

Idona yana kan kwikwiya, shi ya sa na makara wajen ganin Yaya. Sai daga baya na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannunsa kullum yana dafe da ciki. Ya daina taɓa yaji. Lokaci-lokaci yakan zaro guntun kanwa daga aljihu ya lasa in yana zaton ba mai kallonsa. Wata safiya matarsa ta yafito ni zuwa madafa, ta buɗe wani gwangwani ta nuna mini katin maganin. Ta ce tun ranar da muka dawo daga wurin likitar dabbobin bai haɗiyi ko ɗaya ba. Kullum yana ɓare guda, ya tsinci na kwikwiya, sauran ya zuba a toka. Ta yi magana har ta gaji, ya yi biris da ita.

Raina ya ɓaci har ban san lokacin da na ratsa gonar masara da takalmin fita ba. Na same shi tsugune a cikin rake, adda a ƙasa, gumi yana tsiyaya daga haɓarsa.

"Yaya, kashe kanka za ka yi saboda kare?"

Ya ɗago a hankali. "Ba saboda ita ba ne, Malam. Ai kana wurin. Yarinyar nan da bakinta ta ce yana rage ruwan kai. Ita kwikwiya ambaliya ce a kanta, sai a rage mata. Ni fa? Tun yaushe nake haɗiyar abin nan kullum. Ashe ɗan abin da ya rage mini a rijiya ake ta kwashewa ban sani ba."

Na ce wannan wane irin zance ne. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Da in na fara jero su ba na tsayawa sai na kai ƙarshe," in ji shi. "Yanzu tsakanin mai yankakken kunne da tattaɓa-kunnenta akwai biyu da suka ɓace mini. Ina ganin fuskarsu, amma sunan ya bushe."

A nan tsaye na kira likitar, na buɗe muryar waya don ya ji da kunnensa. Ta ce wa Baba ba haka abin yake ba. Maganin ba ya busar da kan mutum, ko a kan kare ma ba su tabbatar yana yin abin da suke fata ba. Mantuwa ta shekaru ce, amma gyambon ciki in aka sake shi ba ya wasa. Ta ce ita ta dabbobi ce, ya koma wurin likitansa, kada ya daina shan magani da ra'ayin kansa. Yaya ya yi mata godiya mai tsawo, ya sa mata albarka, ya ce a gaida mutan Zariya. Ina kashe wayar ya ce yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta so ta tayar wa tsoho hankali ba. Saura kaɗan in jefa wayar cikin rijiya. Mutum ne da ya ga rijiyarsa tana sauka duk ranar da maƙwabci ya tayar da injin ban ruwa, kuma a wurinsa duk abin da ke jan ruwa a wuri ɗaya zai ja a ko'ina. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ambaci 'ya'yansa. Ya ɗauki addarsa ya ce in gaida gida.

Na koma Makarfi ina huci, amma kafin la'asar fushin ya koma tsoro. Yayana guda ne. Ina ta shiga ɗaki ina fita, har idona ya faɗa kan akwatin tsofaffin takarduna na koyarwa. A ciki akwai wani littafin shirya darasi da na bar rabinsa babu rubutu. Na daɗe riƙe da shi.

Washegari da safe na tarar da shi a gindin mangwaro, ya gama ba kwikwiya lomarta. Ban nemi tabarma ba, na zauna a ƙasa da farar shaddata, na buɗe littafin a cinya.

"Yaya, jero su."

Ya dubi littafin, ya dube ni. "Takardarka ai ba ta sunan kare ba ce."

Shekaru sun fi talatin da na faɗi wannan magana, kuma ya maimaita ta ba ragi ba ƙari. Kunya ta rufe ni. Na ce masa kan da ya riƙe wannan bai bushe ba, sannan na ce ya yafe mini. Sai ya gyara zama ya fara daga ja mai farin wuya.

Muka yi ta yi har rana ta take. Yana faɗin suna, ya faɗi uwarta, ya faɗi abin da ta yi, wani lokaci ya lumshe ido ya tafi wani daji da yanzu ya zama gonar barkono, sai na jira ya dawo. Da muka iso wurin biyun da suka ɓace na bar layi biyu. Matarsa tana tankaɗe daga ciki, ashe tana jin mu, sai ta ɗaga murya ta ce in baƙar nan ce da ta cinye mata daddawa tana amarya, to ita ba za ta manta sunanta ba har ta mutu. Ta faɗa, na rubuta. Saura ɗaya. Yaya ya ce doguwa ce, mai tabo a hanci, ba ta haushi sai ta zo dab da mutum. Kafin ya rufe baki sunan ya faɗo daga bakina. Ita ce ta yaga mini wandon makaranta ranar da aka ba mu hutu, ta bi ni har kan katanga, na yi shekaru ina tsine mata a zuci. Yaya ya yi dariya har ya dafe ciki, hawaye suna zubo masa.

Ya ce in karanto masa daga farko. Ina cikin karantawa na ji wani abu mai ɗumi a gwiwata. Kwikwiyar ce ta kewayo, maimakon bangon rumbu sai ta jingina goshinta da ni. Ina jin nauyin kan, ina jin taushin maɗigar ta cikin shadda. Ban janye ba, na ci gaba da karatu har na kai kan uwarta. Layin da ke ƙasa na bar shi fari.

Yaya ya miƙa hannu matarsa ta ba shi gwangwanin. Ya ɓallo kafso ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya haɗiye da ruwan randa.

"Yanzu ko ya bushe, suna nan," ya ce.

Ban yi masa gardama ba. Washegari na ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya yi masa faɗan da ni ba ni da ikon yi, kuma cikin 'yan makonni ya koma cin tuwonsa da yaji.

Kwikwiyar ta kai ƙarshen damina. Akwai safiyar da ta bi fitonsa ta wuce zaure, ta wuce gonar masara, har gindin wata gwaiba da ke rabin hanya. Ina bayansu ina riƙe numfashi. Daga nan ana hango koren rake. Sai hagu ta ja ta, ta kewaya gwaibar ta zauna tana kallon ƙasa, Yaya ya ɗauko ta a hannu muka dawo. Ba ta sake kaiwa nan ba. Da aka fara yankan gero ta soma faɗuwa tana shure-shure, likitar ta ƙara wani magani, ya yi kwanaki yana taimakawa, sannan ya daina.

Wata Asabar da hantsi na ji baburinsa a ƙofa. Babu kwali a baya. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, sannan ya ce in ɗauko littafin. Na ɗauko, na buɗe wurin farin layin, amma halin malanta bai bar ni ba.

"Yaya, ai ba ta kai fadama ba."

"Na kai ta," ya ce. "Ƙafata ce, amma ta je. Tana can bakin rijiya, a nan na binne ta."

Ya matso ya faɗi sunan a hankali, kamar kada wani ya ji. Ba zan sa shi a nan ba, nasa ne. Na rubuta shi da rubutuna mafi kyau, na juya littafin na nuna masa, ko da yake ba ya karatun boko. Ya sa yatsa ya shafa wurin. Sannan ya ce in ja layi a ƙasa, irin wanda nake ja in ɗalibi ya gama jarrabawa. Na ɗora biro a kan takardar, hannuna ya ƙi. Na ce masa biron ya ƙare, zan ja daga baya. Ya dube ni, ya dubi biron. Littafin yana cikin akwatina, har yau ban ja layin ba.